KAFIN KA AIKA DA KUƊIN BATIR GIDA

Duk ɗan Arewa da ke neman abinci a nan Kudu, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, in dai ya bar babur a gida, to ya san irin wayar nan da ƙane kan bugo bayan sallar lisha. Bayan an gaisa, an tambayi lafiyar tsofaffi da yara, sai ka ji ya yi gyaran murya ya ce, "Yaya, batirin mashin ɗin nan fa ya mutu." Ka matse bakin aljihu ka aika da kuɗi a sayi sabo. Kafin wata uku a sake bugowa da maganar nan guda. A karo na uku kuwa sai zargi ya shiga: kai kana ganin yaro yana cin kuɗinka, shi kuma yana ganin mai shago ya sayar masa da jabu. Alhali kuwa mai yiwuwa ne babu maƙaryaci a cikinsu. Batirin ya mutu da gaske, amma wani abu ne a jikin babur ɗin yake kashe shi, kuma zai kashe na huɗu ma in ba a gano shi ba.

Mu ɗauki Bulkachuwa, garin nan da ke kan hanyar Azare zuwa Potiskum, cikin Ƙaramar Hukumar Katagum ta Jihar Bauchi. A can da ƙauyukan kewaye, babur shi ne jakin gida. Shi ke kai taki gona, shi ke fito da buhun gero da wake kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti a Azare da tsakar dare. Hanyar kuwa manyan motoci ba sa ɗaukewa a kanta, har da masu ɗauko shanu daga kasuwar Potiskum. Wanda ya hau wannan hanya da duhu, fitilar gaba tana lumshewa, ta baya kuma a mace, ya sayar da ransa da na wanda ya goyo. Saboda haka zancen wutar babur ya wuce zancen kuɗin batir kawai.

INDA BABURAN SUKA FITO

Baburan da ke yawo a ƙasar Katagum iri uku ne in an duba shekarunsu. Akwai 'yan tsirarun tsofaffi na Japan da suka rage a hannun dattawa, irin su Honda C70, da Yamaha YB100, da Suzuki A100, da Honda CG125 na farko wanda ya fito a 1975. Kamfanin Honda ma ya kafa reshensa na Nijeriya a 1979, masana'antarsa tana Ota ta Jihar Ogun. Waɗannan tsofaffi yawancinsu wutarsu bolt 6 ce. Bayansu sai na ƙasar Sin, su Jincheng da Lifan da Qlink, har da wanda muke kira roba-roba. Sa'an nan na Indiya, watau Bajaj Boxer da TVS. Na bayan nan galibi wutarsu bolt 12 ce. Abu na farko ke nan da za a sani: batir da ƙwan fitila na bolt 6 ba sa zama a babur mai bolt 12, haka nan na 12 ba sa aiki sosai a mai 6. Lambar tana rubuce a jikin batir da gindin ƙwai.

Da yawa daga cikin baburan nan kuwa a Kudu suka ci ƙuruciyarsu. Gwamnatin Jihar Legas ta hana 'yan acaɓa bin manyan hanyoyi 475 a 2012, ta ƙara matsawa a watan Fabrairu na 2020, sa'an nan daga 1 ga Yuni, 2022 ta hana sana'ar ɗungum a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere da Apapa, kana ta ƙara huɗu a watan Satumba. Baburan da aka kama murƙushe su aka riƙa yi. Wannan ya sa mutanenmu da dama suka ɗora nasu a mota suka aika gida. To, babur ɗin da ya shekara uku yana shan ruwan sama da ambaliya da iskar teku mai gishiri, ya iso gida da tsatsa a cikin mahaɗan wayoyinsa. Da isowa kuma sai ya tarar da zafin bazara, da ƙurar hunturu, da gargadar hanyar ƙauye mai kwance kowane ƙusa. Ruwa ba ya tsami banza.

RIJIYA DA RANDA

Domin a fahimci aikin, a ɗauki batir kamar randar tsakar gida. Randa ba ta haifar da ruwa, abin da aka zuba mata shi take ajiyewa. Rijiyar kuwa tana gefen injin, cikin murfin nan na hagu a yawancin babura. A ciki akwai kwayil, watau dunƙulen wayar tagulla da aka naɗa, da kuma wani ƙarfe mai kamar kwano mai maganaɗisu a jikinsa, wanda makanikai ke kira maganeto. In injin ya tashi, kwanon yana juyawa a kewayen kwayil, daga nan wuta take samuwa.

Amma wutar da kwayil ke bayarwa mai kai da komowa ce, batir kuwa ba ya karɓar irinta. Shi ya sa aka sa wani ɗan akwati mai haƙarƙarin ƙarfe a tsakani, ana kiransa rektifaya. Aikinta biyu ne a baburan zamani: ta daidaita wutar ta koma mai bin hanya guda, ta kuma tsare kada ta yi yawa. Ita ce mai ɗebo ruwa daga rijiya zuwa randa. Wayoyi da fis da makulli su ne hanyar da ake bi da tulu.

To, in aka wayi gari randa ba ruwa, abu huɗu ne ke iya jawowa: ko randar ta tsage, ko rijiyar ta ƙafe, ko mai ɗebowa ya daina zuwa, ko kuwa wani yana kwasa da dare. Wanda duk ya tarar da randa ƙaf ya ruga kasuwa ya sayo sabuwa, bai magance ko ɗaya cikin ukun ƙarshe ba. Abin da muke yi ke nan in mun aika da kuɗin batir ba tare da an auna ba.

A FARA DA IDO DA HANNU

Dubawar farko ba ta cin ko kwabo. A kashe makulli, a buɗe murfin gefe, a girgiza wayoyin nan biyu da ke kan batir. In ɗaya ta motsa, to an sami ɓarawo na farko. In an ga wani farin gari ko kore ya taru a kan ƙusoshin, a kwance su, a fara da wayar da ke gefen alamar ragewa, a wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a mayar a ɗaure, a shafa ɗan giris. A kula kada ruwan kanwa ya shiga cikin batirin kansa, domin zai kashe ƙarfin ruwansa.

Daga nan a bi wayar gefen ragewa har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen babur. Wuta tana fita ta jar waya, amma ta jikin babur take komowa, saboda haka in wannan wuri ya yi tsatsa, kome sai ya raunana. Alamarsa ita ce ka kunna sigina ka ga fitilar baya ma tana ƙiftawa tare da ita, ko ka taka birki wata fitila ta dushe. A baburan Honda da na Sin da aka kwaikwaya daga gare su, wannan waya koriya ce. A Yamaha baƙa ce. A Suzuki baƙa mai farin layi.

Sai fis, wanda ke kusa da batir a kan jar waya. Lambarsa tana jikinsa, galibi 10 ko 15. In ya ƙone a sa mai lamba irin tasa. In sabon ya sake ƙonewa nan take, to wata waya ce ta sale tana taɓa ƙarfe, kuma wurin da aka fi samunta shi ne wuyan babur, inda damin wayoyi ke lanƙwashewa duk lokacin da aka juya kai, ko ƙarƙashin tanki da kujera. Al'adar nan ta naɗa takardar kwalin taba ko guntun waya a maimakon fis ita ce ke ƙone wayarin babur baki ɗaya, ga kuwa tankin fetur a bisa kansa.

In batirin mai ruwa ne, a duba ruwan yana tsakanin layi biyun da ke jikinsa. In ya ragu, a ƙara tataccen ruwan batir da ake sayarwa a kwalba. Ban da ruwan rijiya, ban da na leda, ban da ƙarin asid. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid yana nan. Kada a sha taba a wurin, domin iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta, kuma in ruwansa ya fallatsa a ido a wanke da ruwa mai yawa a nufi asibiti.

ABIN DA MITA ZA TA FAƊA

Kowane mai rewaya na kirki yana da 'yar mitar auna wuta, kuma kuɗinta bai kai na batir guda ba. Gidan da ke da babur ya kamata ya mallake ta. A juya ta zuwa alamar V mai miƙaƙƙen layi, a kan lamba 20, a ɗora jan tsinke a gefen ƙari, baƙi a gefen ragewa.

Awo na farko ana yinsa da safe kafin a tada injin. Lafiyayyen batir mai bolt 12 zai nuna 12.6 ko sama kaɗan. In ya nuna 12.2, kusan rabin wutarsa ta tafi. In ya gaza 12, ya kusa ƙarewa. Mai bolt 6 kuwa 6.3 ne cikarsa.

Awo na biyu, ga babur mai sitata: a bar tsinkayen a wurin, a danna. In lambar ta faɗo ƙasa da 10 sosai bayan an cika batirin da caji, to randar ce ta tsage, nan kam sai sabo.

Awo na uku shi ne mai raba gardama. A tada injin, a murɗa mai zuwa matsakaici, a duba. Ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. In ta tsaya inda take tun da safe, ko ta riƙa sauka, babur ba ya caji, kuma sabon batir ma 'yan makonni zai yi. In kuwa ta haura 15 tana ci gaba, rektifaya ta daina tsarewa, tana dafa batirin. Alamun wannan su ne ruwan batir yana ƙafewa da sauri, jikinsa yana zafi ko kumbura, ƙwan fitila kuma yana ƙonewa a kai a kai.

Akwai abin da ke ruɗar mutane a nan. A ƙananan babura da yawa fitilar gaba kai tsaye take shan wuta daga kwayil, ba ta bi ta batir. Shi ya sa take ƙara haske in an murɗa mai, take kuma mutuwa da zarar injin ya tsaya. Saboda haka hasken fitilar gaba ba shaida ba ne cewa batir yana samun caji. Wanda ba shi da mita, ya gwada oda da sigina injin yana kashe: in oda ta yi kukan ɗan akuya mai mura, batir ba wuta.

REKTIFAYA KO KWAYIL?

In an tabbata babu caji, kada a yi saurin sayen kome. A zare soket ɗin rektifaya a leƙa ciki. Sau da yawa za a tarar robar ta narke, ko haƙoran sun yi kore, musamman a babur ɗin da ya yi zaman Ikko. Kankarewa da matsewa kawai kan dawo da caji.

In soket lafiya yake, a auna rijiyar. A zare wayoyin da suka fito daga murfin injin. A tsarin Honda da makamantansa, fara ita ce ta caji, rawaya ta fitila. A juya mita zuwa alamar V mai lanƙwasasshen layi, a kan lamba 200, a ɗora tsinke ɗaya a wayar, ɗaya a jikin injin, a tada da kik. In lambar tana hawa sosai yayin da ake murɗa mai, kwayil yana da rai, laifin na rektifaya ne ko wayar da ke tsakaninta da batir. In lambar ba ta motsi, sai a buɗe murfi. Kwayil da ya ƙone baƙi yake yi, yana warin ƙuna. A manyan babura masu rawayen waya uku kuwa, tsakanin wayoyin ake aunawa biyu-biyu, kuma lambobin uku su zo daidai da juna.

Wajen sayen rektifaya a yi hattara. Akwai masu haƙori huɗu da suka yi kama da juna kamar tagwaye, amma tsarin cikinsu daban. A tafi shago da tsohuwar a hannu, a faɗi sunan babur da samfurinsa. In an ɗaura sabuwa, a sake awo na uku a gaban mai gyara kafin a biya shi. A kuma ɗaure ta a jikin ƙarfe inda iska ke bugawa, domin zafi ne ajalinta.

Masu tsofaffin babura na bolt 6 su riƙe wannan: a yawancinsu batirin ne da kansa yake shanye rarar wuta. In an cire shi ana hawa haka, ko an bar shi ya bushe, ƙwayayen fitila za su yi ta fashewa.

MAI KWASA DA DARE

Wani lokaci caji lafiya, batir sabo, amma in babur ya kwana uku a zaure sai a tarar ba wuta. A kashe makulli, a kwance wayar gefen ragewa, a sa ƙaramin ƙwan sigina tsakanin wayar da kan batir. In ya kawo haske ko kaɗan, wani abu yana shan wuta a ɓoye. A riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya har hasken ya ɗauke.

Galibi ɓarawon cikin gida yake. Samarinmu sun iya ƙawata babur: rediyo mai lasifika, fitilu masu launi, oda irin ta mota, da abin cajin wayar hannu da aka jona kai tsaye a kan batir. Inda wutar lantarki ba ta zama, babur ya zama gidan cajin wayoyin gida duka. Kwayil ɗin ƙaramin babur kuwa abin da ya ishi fitilunsa da ɗan ragi kawai yake bayarwa. Haka nan wanda ya cire ƙwai mai wat 35 ya sa wanda ya fi shi domin ƙarin haske, ya ɗora wa rijiyar abin da ya fi ƙarfinta.

IN INJIN YA ƘI TASHI

Ba kowane ƙin tashi ne laifin batir ba. Baburan kik da yawa suna tashi ko babu batir, domin wutar filogi daga wani kwayil dabam take zuwa, ta bi ta akwatin CDI. Wasu kuwa akwatinsu daga batir yake sha. A kwance filogi, a mayar da shi cikin hularsa, a jingina gindinsa a jikin injin nesa da fetur, a buga kik. Shuɗin tartsatsi mai ƙarfi alama ce ta lafiya. In babu, a gwada sabon filogi tukuna, domin shi ya fi araha, sa'an nan hula, sa'an nan makulli, kafin a taɓa akwati. Tazarar bakin filogi a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce. Mai sitata kuma kada ya danna fiye da daƙiƙa biyar a lokaci guda.

RANAR KOMOWA KUDU

Babban abin da ke kashe batirin ɗan ci-rani shi ne zama. Mutum ya gama girbi, ya kulle babur a ɗaki, ya kama hanyar Legas ko Fatakwal, ba zai komo ba sai an yi ruwan shuka. Batir yana zubar da wutarsa a hankali ko ba a taɓa shi ba, zafin watannin Maris da Afrilu kuma yana ƙara masa sauri. In ya daɗe ba wuta, wani farin gishiri yana daskarewa a farantan cikinsa, daga nan ba ya sake riƙe caji yadda ya kamata. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, babura da yawa sun fi zama a zaure fiye da da, saboda haka wannan ciwo ya ƙaru.

Maganin kuwa mai sauƙi ne. In akwai amintacce a gida, ya riƙa hawa babur ɗin tafiyar rabin sa'a kowane mako. Tada shi a tsakar gida minti biyar ba ya mayar da kome. In babu, a cire batirin a cike da caji, a ajiye shi a inuwa inda yara ba sa kaiwa, a riƙa kai shi caji wata-wata. A gaya wa mai caji ya ba shi a hankali, kashi ɗaya cikin goma na lambar da ke jikinsa: batir mai 5Ah rabin amfiya yake so, na kimanin sa'a goma. Cajin gaggawa irin na batirin mota dafa shi yake yi.

To, 'yan'uwa, in an sake bugo waya daga Bulkachuwa, ko Chinade, ko Madara, ko ma daga ina ne, aka ce batir ya mutu, kada a yi faɗa, kada kuma a yi saurin zuwa wurin mai tura kuɗi. A ce wa yaro ya kai babur wurin mai rewaya, ya tsaya a kansa, ya karanto lambobi uku: ta safe injin yana kashe, ta lokacin danna sitata, da ta lokacin da aka murɗa mai. Daga cikin lambobin nan za ka san abin da za ka saya, kana zaune a Agege. Za ka tsirar da kuɗinka, ka kuma tsirar da zumunci tsakaninka da ƙanenka, ranar da aka bukaci fitila da tsakar dare kuma a same ta tana ci.

Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a neman da muke yi, ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.